Taku Goma Daga Ƙofar Delbert

Akwai wani dattijo mai suna Delbert Krause, mutumin Nebraska, wanda ya shekara arba'in yana gyaran injinan noma. Da matarsa ta rasu sai ya sayar da gidansa ya sayi motar gida, irin wadda da yawanmu tsofaffi muke zaune a ciki: gado a baya, murhu da ɗan teburi a tsakiya, sitiyari a gaba. Idan sanyi ya kama arewa, sai ya gangaro hamadar Arizona kamar kowa.

Jikokina, kun san ba na rufa wa kowa baya, kuma ba na ƙara wa kowa laifi. Delbert ba mugu ba ne. Tsoro ne ya shige shi ya samu wurin zama. A shekararsa ta farko a hanya, wasu mutum biyu suka tare shi a wurin hutawa na bakin titi, da rana tsaka, suka hankaɗe shi ƙasa suka tafi da jakarsa. Zoben matarsa yana cikin jakar. A makon nan ya sayi ƙaramar bindiga.

Bindiga ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Mutane da yawa suna da ita, a kulle cikin akwati ƙarƙashin gado, sai ka shekara kana maƙwabtaka da mutum ba ka ji labarinta ba. Ta Delbert kuwa kowa ya san ta. Tana ƙugunsa idan zai zubar da shara. Tana kan teburi idan yana cin abinci. Ko gaisuwa za ku yi, sai ya gyara rigarsa yadda za ka gan ta.

A hunturun da nake ba ku labari, ya sauka a wani fili mai nisan mil shida daga kwalta, inda waya ba ta samun sabis sai an hau wani tudu. Motoci biyar ne a wurin. Ta kusa da shi ta wata tsohuwa ce, Earline Tibbs, mai shekara saba'in da uku, wadda ta yi ritaya daga dafa wa 'yan makaranta abinci a Oklahoma. Gwiwarta ɗaya ta lalace, amma bakinta lafiyarsa ƙalau. Daga can gaba kuma akwai Rosendo Barraza, tsohon mai walda, shi da matarsa. Kowa Chendo yake ce masa.

Kowa yana jera duwatsu a kewayen motarsa, don a san nan ne tsakar gidansa. Na Earline 'yan ƙanana ne, har da fenti. Na Delbert sai da ya kwana biyu yana mirgino su.

Rana ta uku Earline ta tsaya a bakin duwatsun nan da faranti a hannu.

"Maƙwabci, ga burodin masara. Kuma na zo in gaya maka tsarinmu a nan. Duk wanda ya tashi da safe, sai ya yaye labulen gilashin gaba. Idan takwas ta yi labulen mutum yana rufe, muna zuwa mu ƙwanƙwasa. In ba a amsa ba, mu shiga."

Delbert ya karɓi farantin. "Ku shiga ina?"

"Cikin motarka mana. Mu ga ko kana numfashi."

"Baiwar Allah, ni ba jinjiri ba ne. Ina da abin da yake tsarona." Ya ɗan taɓa ƙugunsa.

Earline ta dubi abin, ta dube shi. "To, Sarkin Yaƙi. Ita ma ta iya dafa shayi in zazzaɓi ya kama ka?"

Bai yi dariya ba. Amma ya cinye burodin, ya wanke farantin, ya ajiye mata a kan dutse. Sunan Sarkin Yaƙi kuwa ya bi shi tun daga ranar.

Abin da ya ɓata komai ya faru ne bayan mako uku. Iska ta taso da la'asar, irin wadda take yage rumfar mota cikin minti biyu. Kowa ya naɗe tasa. Ta Delbert tana buɗe, shi kuma yana ciki yana barci, don maganin ciwon bayan da yake sha yana kwantar da shi kamar gawa. Chendo ya yi kira daga nesa, shiru. Ganin rumfar ta fara ɗagawa, sai ya tsallake duwatsun ya kama ƙarfen zai naɗe.

Ƙofa ta buɗe. Chendo ya ɗago kai ya ga bakin bindiga daidai ƙirjinsa.

"Ni ne, dattijo. Rumfarka ce za ta tafi."

Delbert ya daɗe kafin ya sauke hannu. Idonsa jajir da barci. Mutane sun fito suna kallo, kuma ina jin kunya ce ta kama shi, shi kuwa bai iya jin kunya a hankali ba. Maimakon ya ce a yi haƙuri, sai ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Yau ka ci sa'a na buɗe na duba. Nan gaba ba zan buɗe ba. Duk wanda ya taɓa ƙofar nan ban kira shi ba, ta bayan ƙofa zan ba shi amsa."

Ƙofar motar gida, kun san ta, ba ta fi kwali kauri da yawa ba.

Chendo ya ƙarasa naɗe rumfar, don shi mutum ne da ba ya barin aiki a rabi, ya koma motarsa. Daga ranar babu wanda ya ƙara zuwa kusa da duwatsun Delbert. In za a je zubar da ruwa sai a zagaya ta nesa.

Earline kaɗai ce ba ta daina lura da shi ba. Bai shiga tsarin labule ba, amma yana da tasa al'adar da bai san ana gani ba. Kullum bakwai daidai zai fito da tsumma, ya goge farantan hasken rana da ya jingina a gefen mota, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai yi wa yara wanka. Ita kuma tana zaune da kofinta tana kallo ta taga.

Wata ranar Talata bakwai ta yi, bai fito ba. Bakwai da rabi, bai fito ba.

Bari in gaya muku abin da su ba su sani ba. Tun wajen shida da rabi, yana tsaye zai ɗora ruwan kofi, ɓarin jikinsa na dama ya saki. Ya faɗi a ɗan lungun da ke tsakanin murhu da teburi, ya maƙale. Hannu ba ya motsi, ƙafa ba ta motsi, harshe ya yi nauyi. Irin wannan ciwon na shanyewar ɓarin jiki kuwa da agogo yake tsere. Akwai allurar da ake yi, amma sai an kai mutum da wuri.

Takwas saura Earline ta dogara sandarta ta je ta tsaya a bakin duwatsu.

"Sarkin Yaƙi, rana ta yi. Farantanka suna kuka da ƙura."

Shiru.

Ta kira sunansa na gaskiya, sau uku. Sannan ta juya ta je ta taso Chendo. Kafin a jima mutanen motocin nan duk sun taru a wurin, mutum bakwai, a jere a bakin duwatsu kamar masu jiran bas. Daga nan zuwa ƙofar taku goma ne.

"Wataƙila maganinsa ya sha ya yi nisa," in ji Chendo.

"Bai taɓa wuce bakwai ba. Wani abu ya same shi."

"To shi ne abin tsoron, Yaya Earline. In barci yake, zai farka a firgice. In ciwo ne, ƙila kansa ya juye. Ko wanne ne, abin nan yana kusa da hannunsa. Ni na ga cikin bakinta, ke ba ki gani ba."

Wani ya jefa tsakuwa a jikin motar. Wani ya danna hon ɗin tasa motar har sau biyar. Babu motsi.

Chendo ya shiga ƙaramar motarsa ta ɗaukar kaya ya nufi tudun sabis don ya kira masu agajin gaggawa. Minti ashirin zuwa, minti ashirin dawowa. Ya dawo fuskarsa ba daɗi.

"Na same su. Matar da ta ɗauka ta tambaye ni ko akwai makami a motar. Na ce akwai. Ta ce ya taɓa yi wa wani barazana da shi? Me zan ce mata, Yaya? Na faɗi gaskiya."

"Sai ta ce me?"

"Ta ce kada kowa ya matsa kusa. Motar asibiti za ta zo, amma za ta tsaya a bakin kwalta har sai 'yan sanda sun iso sun tabbatar babu haɗari. Ɗan sandan da ya fi kusa kuma yana wajen wani haɗarin mota, can da nisa."

Kada ku zagi matar nan, jikokina. Masu motar asibiti su ma iyayen wasu ne. Ba a tura su ƙofar mutumin da ya ce zai yi harbi ta bayanta.

Aka tsaya jira. Tara ta wuce. Rana ta fara zafi, wata ta kawo kujeru, aka zauna a bakin duwatsun. Sai magana ta ɓarke, kun san mutane in tsoro ya haɗu da zaman banza. Wani ya ce shi ya jawo wa kansa. Wata ta ce tun ranar rumfa ya kamata a ce masa ya tashi ya bar wurin. Wani ya ce in ma ya mutu, ai ya mutu da abarsa a kusa, yadda yake so.

Earline ta ce, "Chendo, in ka leƙa ta tagar baya fa?"

Matar Chendo ta riƙe masa hannun riga tun kafin ya buɗe baki.

"Yaya, jikokina takwas," in ji shi. "Na yi alkawarin zuwa bikin babbar a watan Mayu. Ba zan je in mutu a ƙofar mutumin da bai ma san sunana ba. Kin taɓa jin ya kira sunana? Kai mai walda, haka yake ce min."

Babu wanda ya ga laifinsa. Earline ma ba ta gani ba.

Goma ta gota. Ta zauna tana juya mabuɗanta a hannu. Ita ma tana da jikoki. Ita ma tana da bindiga a akwati, ta san abin da harsashi yake yi wa ƙofa mai kaurin kwali. Amma mijinta, kafin ya rasu, irin wannan ciwon ne ya kayar da shi a bayan gida, ita tana wajen aiki, sai da ta dawo da yamma ta same shi. Ta san yadda mutum yake kwanciya yana kallon ƙasan ƙofa.

Ta miƙe.

"Ina za ki?" in ji Chendo.

"Zan je in ga ko mabuɗina zai yi." Kowa ya san rabin motocin nan makullin ƙofarsu iri ɗaya ne.

"Yaya Earline, an ce a jira."

"Na ji. Ku ku jira. Ni shekarata saba'in da uku, abin da zai rage min ba shi da yawa. Ku matsa gefe, kada ku tsaya saitin ƙofa."

Ta ɗaga ƙafar da ba ta ciwo ta tsallake dutsen. Tun daga takun farko ta fara magana da ƙarfi, ba ta yi shiru ba ko na numfashi ɗaya.

"Delbert, ni ce Earline. Tsohuwar nan mai baki. Mai burodin masara. Ga ni nan zuwa, da sandata, ka ji ƙararta. In ka harbe ni, wallahi babu mai ƙara ba ka burodi a hamadar nan. Na iso rumfa. Na taka matakala. Yanzu zan sa mabuɗi, ƙarar da za ka ji ke nan. Ni ce dai, ban canza ba."

Ta raɓe a gefen ƙofa ta miƙa hannu. Sau biyu mabuɗin yana kuskure ramin. A na uku ya shiga, ya juya.

Ta tura ƙofar da sanda. Babu abin da ya tashi.

Yana kwance a ƙasa, fuskarsa ta karkace, ya jiƙa wandonsa, idonsa biyu a buɗe suna kallonta. Bindigar tana kan teburi a saman kansa, kusa da gwangwanin sukari.

"Ayya, ɗan uwana," ta ce. Ba ta ƙara kiransa Sarkin Yaƙi ba.

Ta jawo tawul ta rufa masa a cinya kafin kowa ya shigo. Ta naɗe bindigar a tsumman kwanuka ta miƙa waje, a ajiye wa 'yan sanda. Sannan ta kira Chendo, kuma a wannan karon bai tsaya tambayar matarsa ba. Suka zaro katifa suka shimfiɗa a bayan motarsa, maza huɗu suka ɗauko Delbert. Earline ta zauna a baya ta tallafe masa kai, mil shida na gargada.

Motar asibitin tana nan a bakin kwalta. Ta fi awa ɗaya tana jira.

Delbert ya rayu. Amma likita ya gaya wa 'yarsa, wadda ta taso daga Nebraska washegari, cewa lokacin allurar ya riga ya wuce kafin su isa babban asibiti. Hannun dama ya tafi. Ƙafar za ta ɗan dawo, da sanda. Tuƙi kuwa ya ƙare. Mutumin da ya sayar da gida don ya mutu a kan hanya, zai koma ɗakin baya a gidan 'yarsa. Bindigar ma 'yar ce ta karɓa daga hannun 'yan sanda, ban san inda ta kai ta ba.

Bayan kwana goma sha biyu Chendo ya kai Earline asibitin. Ta shiga ita kaɗai. Delbert ya rame, maganarsa tana fita da ƙyar, rabi-rabi, sai ka sa kunne sosai.

"Ka ga yadda suka aske ka," ta ce. "Har ka fi kyau. Da haka ka zo mana tun farko da wata ta ɗauke ka."

Gefen bakinsa mai lafiya ya ɗan motsa. Ya daɗe yana haɗa kalma.

"Na... ji ku."

"Ka ji me?"

"Duka. Bango... ba kauri."

Earline ta zauna a hankali. Ba ta taɓa kawo wannan a ranta ba. Sama da awa biyu suna zaune taku goma daga kansa, suna faɗin abin da suka faɗa, shi kuma yana kwance yana ji. Ya ji tsakuwar. Ya ji hon. Ya ji wanda ya ce shi ya jawo wa kansa.

"Na yi... ta kira," ya ce. "Ba ya fita."

"Mutane in sun tsorata suna faɗin abin da ba shi ne a ransu ba, Delbert."

Ya girgiza kai. "Gaskiya... suka faɗa."

Ita ba mai lallashin ƙarya ba ce. Ta ce, "Wani abin gaskiya ne. Ka tsorata mu, kuma da gangan ka yi. Ɓarayin da ka sayi bindiga dominsu ba su taɓa zuwa ba. Mu ne muka zo."

Hawaye ya gangaro ta idon da ba ya rufuwa sosai. Ta goge masa da bakin zanen gado, kamar yadda za ta goge wa ɗan makaranta hanci.

"Mai... walda?" ya ce.

"Yana waje, a bakin ƙofa. Shi ya tuƙo ni. Shi ya ɗauki ƙafafunka ranar nan, shi kuma ya ce zai kai wa 'yarka motar har Nebraska. Amma ya ce ba zai shigo ba sai ka kira shi."

Delbert ya dube ta, alamar ta kira masa.

"A'a. Ni ba 'yar aikenka ba ce. Sunansa Rosendo. In ya yi maka tsawo ka ce Chendo."

Ya gwada, iska ce kawai ta fita. Ya sake, sai rabin sunan. Gumi ya tsattsafo masa a goshi. Earline ta naɗe hannu ta zuba masa ido, ba ta taimake shi da harafi ko ɗaya ba.

Sai a karo na biyar sunan ya fita yadda za a ji shi daga waje. Chendo ya shigo da hularsa a hannu, ya ja kujera ta ɓangaren hagu, inda hannun yake da rai.

Darasi: Ba na ce kada mutum ya tsare kansa a hanya ba, hanya tana da mugaye. Amma in kana da makami, ka ajiye shi inda ya dace, kada ka mayar da shi abin gaisawa da maƙwabta. Yawancin abin da yake kayar da mu ba ta ƙofa yake shigowa ba, daga cikin jiki yake tasowa, kuma ranar da ya taso, mutumin da ka tsorata jiya shi ne mafi kusa da kai. Kada ka sa masu son taimakonka su ji tsoron ƙofarka, kuma ka san sunan wanda yake kwana kusa da kai. Ku tura wa wani wannan labarin, musamman tsohon nan naku mai cewa ba ya bukatar kowa.